Ɓangaren karatu na IELTS: awa guda tana ƙarewa ban gama matani na uku ba

'Yar Aboabo ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Kumasi, kuma ina shirin zama jarrabawar Turanci ta IELTS, ta masu neman karatu da aikin ƙwararru, domin hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozomomi rajista a Birtaniya, wato NMC, tana neman mataki na 7 a karatu da saurare da magana, da kuma 6.5 a rubutu. Saurare da magana ba sa tayar mini da hankali sosai, tunda da Turanci muke aiki da likitoci, da shi muke miƙa rahoton marasa lafiya idan za a canji aiki, ko da yake a gida Hausa muke yi, da marasa lafiya kuwa yawanci harshen Twi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɓangaren karatu.

Idan na zauna na yi gwaji a gida ba tare da duba agogo ba, nakan samu amsa 32 ko fiye daidai cikin 40, amma da zarar na saita awa guda sai makin ya faɗo zuwa 25 ko 26, saboda lokacin da zan kai matani na uku, wato na ƙarshe, mintunan da suka rage ba su isa in karanta shi ba, balle in amsa tambayoyinsa a natse. An gaya mini cewa sai mutum ya samu kimanin 30 kafin ya kai mataki na 7, kuma kuɗin jarrabawar ba ƙaramin abu ba ne ga mai albashi irin nawa, don haka ba na so in shiga da fatan sa'a kawai.

Ina neman shawararku kan abubuwa uku. Shin ya fi kyau in karanta matanin gaba ɗaya kafin in dubi tambayoyi, ko kuwa in fara da tambayoyin in koma neman amsa? Yaya ake rarrabe tsakanin maganar da ta saɓa wa matani da wadda matanin bai ambata ba sam, tunda a nan ne nake zubar da mafi yawan makina? Sannan wata abokiyar aikina ta turo mini jerin kalmomi masu yawan gaske ta WhatsApp, ta ce in haddace su. Shin wannan yana da amfani ga wadda take da kimanin wata biyu, kuma tana aikin dare a wasu makonni? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malamin Turanci, Asawase, ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'a. Na koyar da Turanci a makarantun sakandare har na yi ritaya, kuma a yanzu ina taimaka wa wasu matasan unguwa masu shirin wannan jarrabawa, don haka bari in fara da abin da bayaninki ya nuna. Wadda take samun 32 idan babu agogo ba ta da matsalar fahimta, Turancin da ake nema yana kanki. Abin da ya rage shi ne yadda kike kashe mintuna sittin ɗin nan.

Mu yi lissafi tare. Matanai ukun da ake bayarwa, idan aka haɗa su, suna tsakanin kalmomi 2,150 da 2,750. Mai karanta kalma 150 a minti guda, wanda ba wani sauri ba ne, zai gama mafi tsawon takarda cikin minti goma sha takwas da 'yan daƙiƙoƙi, ya rage da fiye da minti arba'in na tambayoyi arba'in. Kin ga kenan karatun farko ba shi ne yake cinye lokaci ba. Abin da ke cinye shi shi ne komawa baya a sake karanta jimlar da aka riga aka fahimta don a tabbatar, da juya jimla zuwa Hausa a zuci kafin a wuce, da kuma tsayawa kan tambaya guda mai taurin kai har minti huɗu ko biyar alhali maki ɗaya take da shi, daidai da tambaya mai sauƙi da ke jiran ki a shafi na ƙarshe. Akwai kuma wata al'ada da ya kamata ki lura ko kina da ita. Mu da muka tashi da karatun allo an horar da mu mu furta kowane harafi mu ba shi haƙƙinsa, kuma hakan shi ne daidai a wurinsa, sannan a firamare ma da babbar murya aka koya mana karatu. Sakamakon haka da yawa daga cikinmu har girma muna motsa leɓɓa ko muna jin muryarmu a ka yayin karatu, kuma mai yin haka ba ya wuce saurin magana. Ki gwada bin layi da fensir da ɗan sauri fiye da yadda kika saba, ba tare da yarda idonki ya koma baya ba, za ki yi mamakin yadda fahimtar ba ta raguwa sosai.

Game da tambayarki ta farko, abin da nake koyarwa shi ne a yi wa matanin karatu ɗaya mai sauri, na minti huɗu zuwa biyar, a rubuta kalma biyu ko uku a gefen kowane sakin layi da ke nuna abin da ya ƙunsa: nan tarihin matsalar, nan gwajin farko, nan masu suka, nan ra'ayin marubuci. Wanda ya san kasuwar Kejetia ba ya bin rumfa-rumfa idan atamfa yake nema, layin masu atamfa yake nufa kai tsaye, kuma amfanin karatun farko ke nan, ki san inda kowane abu yake. Ki raba lokacin yadda matani na farko zai ci kimanin minti 17, na biyu 20, na uku 23, domin yawanci na ƙarshen ya fi nauyi. Idan lokacin matani ya cika ki cike guraben da suka rage da zato mafi kusa ki wuce, tunda ba a rage maki kan amsar da ba daidai ba. Kuma ki riƙe cewa a ɓangaren karatu ba a ƙara ko minti ɗaya na kwafe amsoshi zuwa takardar amsa, komai cikin awa gudan ne.

Akwai wani abu da mu malaman sakandare muka dasa muku wanda zai cuce ki a nan. A jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE mun matsa muku ku amsa tambayoyin fahimta da na taƙaitawa da kalmominku, muka hana ku kwafe jimla daga matani. A IELTS kuwa, tambayoyin cike gurbi suna neman kalmar da ke cikin matanin kamar yadda take, da harufanta daidai, da jam'inta idan jam'i ce, kuma idan aka ce kada amsa ta wuce kalma biyu, kika rubuta uku, kin rasa makin ko da ma'anar ta yi daidai. Sake faɗin magana da wasu kalmomi masu shirya jarrabawar ne suka yi shi a cikin tambayar, aikinki shi ne ki gane jimlar matanin da suka sauya wa kaya.

Yanzu tambayarki ta biyu, wadda ita ce mafi muhimmanci. Bari in ba da misali da Hausa domin tsarin tunanin ya fito fili. A ce matani ya ce: an kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, kuma babban dalilin gina ta shi ne samar da wutar lantarki ga masana'antar narka alminiyum da ke Tema. Idan tambaya ta ce an gama madatsar kafin 1970, wannan gaskiya ne, matanin ya faɗa ko da ba da waɗannan kalmomi ba. Idan ta ce babban dalilin gina ta shi ne noman rani, wannan ƙarya ne, domin akwai jimla a matanin da ba za ta iya zama gaskiya tare da wannan magana a lokaci guda ba. Idan kuwa ta ce Tafkin Volta yana cikin manyan tafkunan da ɗan Adam ya samar a duniya, ni da ke da duk ɗan Ghana mun san haka yake, amma matanin bai ce uffan a kai ba, don haka amsar ita ce ba a ambata ba. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina shi ne su ɗora yatsa kan jimlar da ke ƙaryata maganar. Idan akwai ta, ƙarya ne. Idan ba ta samu ba sai an yi dogon tunani da "ai kuwa tunda haka ne, to lallai", mafi yawan lokuta ba a ambata ba ne. Ke da kike ma'aikaciyar lafiya ki ƙara taka tsantsan idan matani ya zo kan zazzaɓin cizon sauro ko rigakafi ko abinci mai gina jiki, domin iliminki na asibiti zai yi ta ba ki amsa kafin marubucin ya buɗe baki.

Ki kuma sa ido kan ƙananan kalmomin da ke auna magana, masu ma'anar "wasu", "yawanci", "duka", "kaɗai", "mai yiwuwa". Marubutan ilimi ba sa son yanke hukunci, sukan ce abu yana iya haifar da kaza a wasu lokuta, sai tambaya ta zo ta ce yana haifar da shi kullum. Duk sauran kalmomin sun yi kama, bambancin yana cikin kalma ɗaya tak.

Ɗan Nima, Accra, ya amsa:

Ina gaida Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na yarda da duk abin da ya faɗa in ban da abu ɗaya, kuma ina neman afuwa idan na saɓa wa babba. Na zauna wannan jarrabawa a Accra lokacin da nake neman gurbin digiri na biyu, kuma karatun farko na minti biyar bai dace da ni ba, domin idan na gama shi nakan ga kaina bai riƙe komai ba. Abin da ya yi mini aiki shi ne sanin waɗanne tambayoyi ne suke bin jerin matanin. Tambayoyin gaskiya ko ƙarya ko ba a ambata ba, da na cika jimla, da na zaɓi ɗaya cikin huɗu, amsoshinsu suna zuwa a jere daga sama zuwa ƙasa, wato amsar ta biyar tana bayan amsar ta huɗu. Saboda haka nakan karanta tambaya biyu, in fara karanta matanin a natse har in iske amsar ta farko, in ƙara karanta wata tambayar, in ci gaba daga inda na tsaya. Ta haka sau ɗaya nake bin matanin, kuma idan na iske amsar ta shida ban ga ta biyar ba, na san tana tsakanin wurare biyu da na riga na sa wa alama. Tambayoyin da ke cewa a nemo sakin layin da ke ɗauke da wani bayani ba sa bin jeri, su nakan bari sai ƙarshe, lokacin da na riga na san matanin. Shawarata, 'yar'uwa, ki gwada hanyar Malam a gwaji biyu, ki gwada wannan a gwaji biyu, wadda ta fi ba ki maki ki riƙe ta, kada ki sake canzawa har ranar jarrabawa.

Abu na biyu, a kwamfuta na yi tawa, kuma harkar tana ƙara karkata can. Matanin yana gefen hagu, tambayoyi suna gefen dama, agogo yana saman allo, ana iya shafa wa jimla launi don alama, kuma sakamako yana fitowa cikin 'yan kwanaki maimakon kwana 13 da aka saba jira a ta takarda. Amma wanda duk atisayensa a littafi ya yi da fensir zai ji baƙunta a ranar, domin neman wuri a dogon rubutu ta hanyar jan allo sama da ƙasa wata ƙwarewa ce daban. Ki ari kwamfutar cinya idan ba ki da ita, ki yi gwajin kyauta da ke shafukan masu jarrabawar, wato British Council da IDP da Cambridge, kada ki dogara da waya. Ki sauke abin da za ki iya saukewa tun da wuri saboda ɗauke wuta da tsadar data. Ki kuma tuna cewa saurare da karatu da rubutu a zama ɗaya ake yin su ba hutu, don haka a makonnin ƙarshe ki riƙa haɗa su ukun a jere, domin kanki ya saba da gajiya.

Na ƙarshe gargaɗi ne. Akwai masu yawo a Facebook da WhatsApp suna cewa suna da tambayoyin da za su fito, ko za su ɗaga wa mutum maki, ko su samar da takardar sakamako ba tare da zama jarrabawa ba. Jami'o'i da hukumomi suna tantance sakamako kai tsaye ta intanet daga masu jarrabawar, saboda haka takardar bogi asarar kuɗi ce da zubar da mutunci. British Council tana da ofis a Accra da Kumasi, ki yi rajista ta shafinsu, ki tabbatar da kuɗi da ranakun zama daga wurinsu.

Almajirin Nahawu, Sawaba, ya amsa:

Assalamu alaikum. Ni ta hanyar Larabci na fara karatu kafin in shiga boko, kuma ina so in yi magana kan tambaya ta uku da ba a taɓa ba tukuna, sannan in ƙara wani abu game da dogayen jimloli.

Haddace jerin kalmomi da ma'anarsu, tsirara ba tare da jimla ba, wahalarsa ta fi amfaninsa, musamman jerin da ba a san wanda ya tattara shi ba. Idan har za a yi amfani da jeri, akwai wanda aka gina kan bincike: malama Averil Coxhead ta jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand ta fitar da shi a shekarar 2000, yana ɗauke da dangin kalmomi 570 waɗanda suke yawan maimaituwa a rubuce-rubucen ilimi ko da wane fanni ne, kuma sun kai kusan kashi goma cikin ɗari na kalmomin irin waɗannan rubuce-rubuce. Ana samun sa kyauta a intanet. Ina kyautata zaton ma'aikaciyar jinya ta riga ta san fiye da rabinsu, don haka ki bi shi da biro ki ware waɗanda ba ki sani ba, su kaɗai za ki yi wa aiki, kowace ki rubuta ta cikin jimlar da kika gan ta tare da wata kalmar da za ta iya maye gurbinta. Kalmomin fanni masu wuyar gaske kada su dame ki, domin an zaɓo matanan ne don wanda ba ƙwararre ba, kuma idan akwai kalmar da ba makawa sai an san ta, akan ba da bayaninta a ƙarƙashin matanin.

Abin da ya fi jeri amfani shi ne karatu kullum a fannonin da ba naki ba. Matanan jarrabawar daga littattafai da mujallu da jaridu ake ɗebo su, yau kan tarihin wani tsohon birni, gobe kan ɗabi'ar tsuntsaye, jibi kan yadda yara ke koyon harshe. Shafin The Conversation malaman jami'a ne suke rubuta shi don jama'a, yana da sashen Afirka, kuma kyauta ne. Tsawon maƙalunsa ya yi kusa da na matanin jarrabawa. Maƙala ɗaya a rana, ko a cikin motar haya ta trotro ne ko a lokacin da ɗakin marasa lafiya ya yi shiru da dare, tare da ƙa'idar cewa ba za ki buɗe ƙamus ba sai kin kai ƙarshe, kuma kalma biyar kawai za ki duba. Labaran siyasa na jaridunmu ba su isa ba, domin kin riga kin san labarin kafin ki karanta. Idan gida ya cika da hayaniya, ɗakin karatu na yankin Ashanti yana nan cikin Cibiyar Al'adu, kusa da Kejetia.

Game da dogayen jimloli kuwa, duk wadda ta taɓa zama gaban malamin nahawu tana da makami a hannu. A can an koya mana cewa kafin komai a nemo fi'ili da fa'ili, ko mubtada da habarinsa, sauran duk rataye suke a jikinsu. Jimlar Turanci ta ilimi takan fara da sharaɗi, ta sako bayani tsakanin waƙafi biyu, ta ambaci sunan mai bincike da shekara, kafin ainihin aikatau ya bayyana a layi na uku. Ki tsallake abin da ke tsakanin waƙafan, ki nemo wane ne ya yi, me ya yi, sannan ki dawo wa sauran idan tambaya ta buƙace su. Haka kuma komawar lamiri: duk inda kika ga "wannan" ko "su" ko "irin wannan ra'ayi" ki tambayi kanki ina ya koma, domin tambayoyi da yawa an gina su ne a kan haka, a sa sunan abu a jimla ɗaya, a sa hukuncinsa a jimla ta gaba da lamiri kawai. Sannan ki rarrabe maganar marubuci da maganar da ya hakaito. Sau da yawa zai kawo ra'ayin wasu a sakin layi guda cikakke, sai ya rushe shi da "amma" guda ɗaya, kuma tambayoyin da ke neman ra'ayin marubuci abin da ya biyo bayan "amma" ɗin suke nufi.

'Yar Aboabo ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba Malam da yayyena, Allah ya saka muku da alheri. Misalin Akosombo ya warware mini abin da bidiyoyi da yawa ba su warware ba. Ina da ƙarin tambaya biyu. Wasu abokan aikina suna cewa in bar IELTS in koma jarrabawar Turanci ta fannin lafiya, wato OET, wai ta fi sauƙi ga ma'aikatan lafiya, shin haka ne? Sannan ba a taɓo tambayoyin da ake ba da jerin kanun magana a ce a haɗa kowane da sakin layinsa ba. A nan nakan ga kai biyu duk sun dace da sakin layi ɗaya, kuma idan na kuskure ɗaya sai ya ja wani.

Yaya Nas, Tafo, ta amsa:

Ƙanwata, ni ma aikin jinya nake yi, kuma na duba su biyun kafin in zaɓa. NMC tana karɓar OET, tana neman darajar B a karatu da saurare da magana, da C+ a rubutu. Gaskiya ne matananta duk kan harkar lafiya suke, don haka kalmomin ba baƙi ba ne a gare mu. Amma ki duba matsalarki da kyau. Ɓangaren karatu na OET shi ma minti sittin ne, tambayoyi 42, kuma kashin farko tambayoyi 20 ne cikin minti 15 kacal, ana karɓe shi idan lokacin ya cika. Wadda lokaci ne yake kayar da ita ba ta tsira ba don ta canja jarrabawa. Kashi na ƙarshe kuma dogayen matanai biyu ne masu neman ra'ayi da manufar marubuci, irin abin da Almajirin Nahawu ya bayyana. Ban da haka OET ta fi tsada, sannan IELTS ta fi karɓuwa a wurare daban-daban idan wata rana kika so neman gurbin karatu a fannin da ba jinya ba. Ki sauke gwajin kyauta na OET ki yi shi da agogo kafin ki yanke shawara, kada ki bi maganar ɗakin hutu. Ki kuma karanta sharuɗɗan a shafin NMC da kanki, domin sukan sauya, kuma sakamakon jarrabawar shekara biyu yake aiki, kada ki yi ta da wuri sosai sauran takardunki ba su kammala ba. A makon da kike aikin dare kada ki yi cikakken gwaji bayan kin tashi daga aiki, makin zai faɗi saboda barci, ya karya miki gwiwa a banza.

Tsohon Malamin Turanci, Asawase, ya sake amsawa:

Ɗana na Nima bai saɓa mini ba, hanyarsa tana da kyau ga masu ita, kuma shawararsa ta gwada biyun ita ce daidai. Sai dai a matanin da ke da tambayoyin kanun magana dole a karanta kowane sakin layi, don haka nan da su ake farawa, sauran tambayoyin matanin su zo da sauƙi bayan haka.

Dabarar ita ce kada ki fara da jerin kanun. Ki karanta sakin layin, ki faɗa wa kanki a taƙaice abin da marubucin yake yi a cikinsa, misali yana bayyana dalilin da ya sa gwajin farko ya gaza, sannan ki dubi jerin ki nemi wanda ya yi daidai da abin da kika faɗa. Kullum kanun sun fi sakin layin yawa, kuma ragowar an gina su ne daga wani ƙaramin bayani da ke cikin sakin layin, sau da yawa da kalma iri ɗaya, don su ja ido. Idan kai biyu suka yi miki kama, ki tambayi kanki wanne ne ya rufe sakin layin daga farkonsa har ƙarshensa, wanne ne kuma ya rufe jimla ɗaya kawai. Kada ki dogara da jimlar farko ita kaɗai, domin wani marubucin da misali ko da ra'ayin da zai rushe yake buɗewa. Inda kika yi shakka ki rubuta lambobin biyu ki wuce, sakin layin da ke gaba yakan ɗauke ɗaya ya bar miki ɗayan.

Ga tsarin wata biyun kuwa, littattafan tsoffin tambayoyi na Cambridge kowane yana da cikakken gwaji huɗu, kuma su ne mafi kusa da abin da za ki tarar, don haka kada ki ƙone su da yawan yi. Gwaji biyu a mako sun isa, amma bayan kowane ki ba bita lokacin da ya fi na gwajin kansa: duk amsar da kika rasa ki nemo jimlar da ke ɗauke da amsar gaskiya, ki rubuta ta kusa da tambayar, ki rubuta dalilin rashin, ko lokaci ne, ko kalmar da ba ki sani ba, ko ilimin waje, ko kuskuren harafi, ko wuce adadin kalmomi. A makonni uku na farko ki riƙa yin matani ɗaya cikin minti 20, sannan ki koma cikakkiyar awa. Idan kin yi gwaji huɗu a haka, ki kawo mana makin kowane matani daban da rabe-raben kura-kuran, daga nan za mu ga ko ya dace ki sa ranar jarrabawa ko ki ƙara wata guda.